KULA DA BIRKIN MOTAR GIDA

Jawabi ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan ɗan littafi domin hakimai da malamansu, da kuma kowane maigida da ya ke da mota ta ɗaukar iyali. Nufinsa shi ne ya bayyana yadda birki ya ke aiki, da abin da ke ɓata shi, da yadda za a kula da shi, don mai mota ya san abin da zai tambayi direbansa da makanikinsa.

Tun zamanin da, basarake ba ya hawan doki sai shamaki ya duba linzami da majayi. Kome kyan doki da tsadarsa, in ba ya jin linzami, ba a aza yaro a kansa. To, birki shi ne linzamin mota. Amma sau da yawa a kan ga mota ta sha wanki tana walƙiya, an sake mata rigunan kujeru, alhali kuwa an yi shekara uku ba wanda ya leƙa tukunyar man birkinta. Ita ce kuwa motar da za ta kai yara makaranta, ta kai uwargida asibiti, ta ratsa kasuwa ran da ta ke ci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cikin rahotonta na 2023 cewa mutum wajen miliyan 1.19 su ke rasa rayukansu kowace shekara cikin haɗarin hanya, kuma in an gwada da yawan jama'a, Afirka ta fi ko'ina shan wannan hasara. A Nijeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1988, tana lissafa mutuwar birki cikin sanadin haɗurran da ta ke rubutawa. Abin da ya kamata a gane shi ne, ba safai birki ya kan mutu farat ɗaya ba. Ya kan yi makonni, wani lokaci ma watanni, yana nuna alamu. Wanda ya san alamun nan ya kan gyara motarsa a gareji cikin kwanciyar hankali. Wanda bai san su ba sai ya ce tsautsayi ne.

YADDA BIRKI YA KE AIKI

Birki yana tsai da mota ta hanyar guga. Kamar yadda mutum ya kan murza tafin hannunsa da ɗari ya ji sun ɗumama, haka birki ya ke goga fata a jikin ƙarfe mai juyawa, gudun motar ya zama zafi, zafin ya bi iska. Abin da a ke kira fatar birki ba fatar dabba ba ce. Haɗi ne na garin ƙarfe da wasu sinadarai da aka daskarar, an yi shi don ya riƙa cinyewa a hankali a maimakon ƙarfen.

Birki iri biyu ne. Akwai mai faifai, inda faifan ƙarfe ya ke juyawa tare da taya, fatu biyu su matse shi dama da hagu kamar awartaki. Akwai kuma mai ganga, inda fatu biyu masu lanƙwasa su ke cikin wani kwanon ƙarfe, in an taka sai su buɗe su danne cikinsa. Dukansu biyu tsofaffi ne. Cikin 1902 Louis Renault na Faransa ya fito da mai ganga, a shekarar kuma Frederick Lanchester na Ingila ya yi rajistar mai faifai. Ƙananan motoci da yawa suna da faifai a gaba, ganga a baya. In an taka birki nauyin mota ya kan rinjaya gaba, saboda haka ƙafafun gaba su ke ɗaukar wajen kashi biyu cikin uku na aikin, fatarsu kuma ta kan riga ta baya ƙarewa.

Abin da ke kai ƙarfin ƙafar direba zuwa tayoyi shi ne man birki. In direba ya taka, sai wani ɗan famfo, wanda makanikai ke kira masta, ya tura man cikin bututu zuwa ƙafafun nan huɗu. Wani masani Bafaranshe, Blaise Pascal, wanda ya rasu cikin 1662, shi ya bayyana cewa in an danna ruwa cikin abin da ke rufe, ƙarfin dannawar ya kan isa ko'ina daidai. Asirin abin shi ne, ruwa ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Wanda ya riƙe wannan ya gane rabin ciwon birki: muddin iska ko tururi ya shiga bututu, direba zai taka, ƙarfinsa ya ƙare wajen matse iska, taya ba ta ji kome ba.

Akwai abu uku da aka ƙara domin tsaro. Na fari, an raba bututun gida biyu, don in ɗaya ya fashe ɗayan ya riƙe motar. Na biyu, akwai wani tulun ƙarfe bayan masta wanda ke ƙara wa ƙafar direba ƙarfi, a yawancin motoci kuwa da zuƙar inji ya ke aiki. In an kashe inji, bayan taki biyu ko uku sai birki ya yi tauri kamar dutse. Na uku shi ne ABS, wanda kamfanin Bosch da na Mercedes-Benz suka sa a mota cikin 1978. Shi ke hana taya cijewa ta ja ƙasa, don direba ya iya karkatar da sitiyari yana kan birki. In yana aiki direba ya kan ji abin takawa yana ɓari a ƙarƙashin ƙafarsa. Wannan ba ɓaci ba ne, ya ci gaba da dannawa kawai.

NISAN DA MOTA KE CI KAFIN TA TSAYA

Direbobi da yawa suna zato in an ninka gudu, nisan tsayawa ma ninki ɗaya ya ke yi. Ba haka ba ne. Littafin dokokin hanya na Ingila ya nuna mota mai gudun mil 30 a awa, watau kamar kilomita 48, tana cin mita 9 kafin direba ya kai ƙafarsa ga birki, sa'an nan ta ci mita 14 kafin ta tsaya, jimla mita 23. Mai gudun mil 60 kuwa, watau kamar kilomita 96, tana cin mita 18 da mita 55, jimla mita 73. Ashe gudu ya ninka sau biyu, aikin birki ya ninka wajen sau huɗu.

Wannan lissafi na mota mai lafiya ne, a kan busasshiyar kwalta, da direban da ba ya gyangyaɗi. In an yi ruwa nisan ya kan ninka. A kan burji ko yashi ma ya kan ƙaru ƙwarai, ko da motar tana da ABS. In kuwa taya ta suɗe, kome kyan birki ba shi da abin da zai kama ƙasa da shi. Zanen taya kada ya kasa milimita 1.6 a zurfi.

MAN BIRKI

Man birki ba ɗaya ya ke da baƙin mai ba. An yi shi musamman don ya jure zafi ba tare da ya tafasa ba. A kan murfin tukunyarsa a kan rubuta irin wanda motar ke sha, galibi DOT 3 ko DOT 4. A ma'aunin da ruwa ke tafasa a digiri 100, sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, DOT 4 kuwa sai 230. Amma man nan yana da wani hali, ya kan tsotsi laima daga iska a hankali. In ya sha ruwa kaɗan, DOT 3 zai iya tafasa a digiri 140, DOT 4 a 155. Birkin da ke aiki a doguwar gangara yana iya kai man ga wannan zafi. In ya tafasa sai ya zama tururi, abin takawa ya nutse har ƙasa, mota ta ci gaba da tafiyarta. Abin ban tsoro shi ne, bayan ya huce birkin ya kan dawo kamar ba abin da ya faru, direba ya yi tsammani ya warke.

Saboda haka masu ƙera motoci da yawa su ke cewa a zubar da man duka a sa sabo kowace shekara biyu, ko da motar ba ta yi tafiya mai yawa ba. Sabon mai garau ya ke, da ɗan ruwan ɗorawa. In ya koma kamar baƙin shayi, lokacinsa ya wuce. A sayi na cikin gwangwani rufaffe, kada a sayi wanda aka ɗura a kwalba a bakin hanya. DOT 5 iri ne dabam, ba a gauraya shi da sauran.

Lalle ne a hana direba zuba baƙin mai, ko man giya, ko kananzir cikin tukunyar nan, gama su kan kumbura robobin da ke riƙe man, birki ya lalace gaba ɗaya. Haka kuma ruwan sabulu da wasu ke zubawa wai don su kai gida: ruwa ne, zai tafasa da wuri, ya kuma sa tsatsa. Tukunyar tana da zane biyu, na sama da na ƙasa. In mai ya sauka a hankali cikin watanni, alama ce fata tana cinyewa. In ya sauka cikin kwanaki, yana yoyo ne. Ƙara mai ba ya maganin yoyo, sai an nemo inda ya ke zuba.

ALAMUN DA BIRKI KE BAYARWA

Ga alamun da ya kamata mai mota ya sani, ya kuma umurci direbansa ya faɗa masa a ran da ya ji su:

1. Ƙara mai tsini in an taka. Fatu da yawa suna da ɗan ƙarfe da aka sa don ya yi kuka in sun kusa ƙarewa.

2. Gurnani kamar ana niƙa. Fata ta ƙare ke nan, ƙarfe yana cin ƙarfe. Kowane taki yana ɓata faifai, kuɗin gyara yana ƙaruwa.

3. Abin takawa ya yi laushi kamar soso, ko sai an taka sau biyu kafin ya kama. Iska ta shiga, ko mai ya tsufa.

4. Abin takawa yana nutsewa a hankali in an danne shi. Masta ta gaji, ko akwai yoyo.

5. Mota tana fizgewa gefe ɗaya. Ƙafa ɗaya ta cije, ko mai ya jiƙa fatarta.

6. Sitiyari yana rawa in an taka cikin gudu. Faifai ba ya daidai.

7. Ƙauri, ko ƙafa ɗaya ta fi sauran zafi bayan tafiya. Birkinta ba ya saki.

8. Jar fitilar birki ta kama a gaban direba alhali an sauke birkin hannu.

9. Danshi a cikin taya, ko ɗigon mai a inda motar ta kwana.

10. Birkin hannu yana hawa har ƙarshe, ko ba ya riƙe mota a kan tudu.

Alama ta 3, da ta 4, da ta 8, da ta 9 ba su jiran gobe. Motar da ta nuna ɗayansu kada ta ɗauki kowa sai makaniki ya gan ta.

ABIN DA KE CIN BIRKI A ƘASAR NAN

Lokacin da masu ƙera mota su ke yanka wa gyara an yi shi ne bisa hanya mai kyau. Motar da ke zaga ƙauyuka tana bukatar dubawa fiye da haka. Ƙurar rani da yashi su kan shiga tsakanin fata da ƙarfe su yi ta ci kamar magagari. Da damina, in mota ta ratsa ruwa fatun su kan jiƙe, musamman na ganga, saboda haka da an fita sai direba ya tafi a hankali yana ɗan taka birki har ya ji ya kama. Kaya fiye da kima ma suna gajiyar da birki. Motar da aka yi domin mutum biyar, in an cusa mata tara da buhunan hatsi, ba za ta tsaya inda ta saba tsayawa ba.

Motocin da a ke sayowa na hannu daga Turai suna da nasu ciwon. A can a kan watsa gishiri a kan hanya lokacin ƙanƙara, gishirin kuwa yana cin bututun ƙarfe ta ƙarƙashi. Wanda ya sayi irin wannan mota, kome ƙyallinta, ya sa a ɗaga ta a bi bututun birki ɗaya ɗaya, a kuma sake mai, tun da ya ke ba wanda ya san ran da aka zuba na ciki.

Sai kuma gangara. Wanda ya taɓa saukowa daga Jos ta Hawan Kibo, ko daga tsaunin Mambila, ya san irin doguwar gangarar da a ke nufi. Direban da ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama zai iske fata ta yi zafi ta daina kamawa tun bai kai ƙasa ba. Ka'ida ita ce a sa ƙaramar giya tun kafin a soma sauka, inji ya riƙe motar, a riƙa taka birki ana saki. Mota mai canza giya da kanta ma tana da ƙananan giyoyi domin wannan. Al'adar nan ta cire giya ko kashe inji a gangara don tsimin fetur, ya wajaba mai mota ya hana ta da babbar murya. Fetur ɗin da za a tsira da shi bai kai cikin kofi ba, abin da za a yi hasara kuwa ba ya sayuwa.

GYARA DA MAKANIKI

Sabuwar fatar faifai ta kan kai kamar milimita 10 ko 12 a kauri. In ta sauka zuwa milimita 3 sai a sake ta. Ba a sake ta ƙafa ɗaya, sai dama da hagu tare, in ba haka ba mota za ta riƙa fizgewa. Faifai ma yana da iyakar sirantaka da a kan rubuta a jikinsa, in ya wuce ta sai sabo. Tiyon roba da ke kusa da taya, in ya tsattsage ko ya kumbura, ba a ɗaure shi da roba, sake shi a ke yi.

Akwai wata dabara da wasu ke yi in ƙafa ɗaya tana yoyo, su toshe bututunta da ƙusa ko su naɗe shi, mota ta tafi da ƙafa uku. Wannan ba gyara ba ne, ajiye haɗari ne zuwa wata rana. Mai mota ya tambaya ƙarara ko an yi wa motarsa haka.

Wajen sayen kaya a tuna araha ba ta ado. Jabun fata ta kan yi kama da ta gaske a ido, sai ta ji zafi ta ƙone ko ta ɓamɓare daga ƙarfenta. A saya a kantin da aka sani, a karɓi rasit, a kuma ce makaniki ya nuna tsohuwar da ya cire. Kada a hure ƙurar birki da baki ko da famfon iska, gama wasu fatu suna da sinadarin asbesto mai cutar huhu. A goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. In an ɗaga mota, kada kowa ya shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai.

Duk ran da aka kwance bututu sai an fitar da iska daga ƙafafun kafin a ce an gama. Bayan an sa sabuwar fata, a taka birki sau da yawa mota tana tsaye har ya yi tauri, gama takin fari ya kan tafi a banza. Sa'an nan a gwada motar a fili inda ba jama'a, a kuma bi ta a hankali kamar kilomita 200 na fari kafin fatar ta zauna.

AIKIN MALAMI: LITTAFIN MOTA

Direba ya kan ji nauyin faɗa wa ubangidansa mota tana son kuɗi, musamman in bai daɗe da karɓar na wani gyara ba. Wani kuma ya saba da ciwon motar har ya daina jinsa. Maganin wannan shi ne a mai da dubawa ka'ida, kada ta zama roƙo. Malamin da ke riƙe da littattafan ofis ba zai kasa riƙe na mota ba. Ya sami littafi guda, ya ja layi, ya riƙa rubuta kwanan wata, da adadin kilomita, da abin da aka yi, da sunan makaniki, da kuɗin da aka biya. Ga tsarin da za a bi:

Kowace safiya: direba ya duba ƙarƙashin mota, ya danne birki na ɗan lokaci ya ji ko yana nutsewa, ya gwada shi a hankali kafin ya fita ƙofar gida.

Kowane mako: a duba tukunyar mai, da iskar taya, da fitilun birki na baya, wani yana takawa wani yana kallo.

Kowane wata shida, ko kilomita 10,000: a cire tayoyi a ga fata, da faifai, da tiyo. Motar da ke yawan bin hanyar ƙauye a duba ta kafin haka.

Kowace shekara biyu: a sake man birki duka.

Bayan wannan, a ƙara dubawa kafin kowace doguwar tafiya, kamar ta salla ko ta biki. Takardar lafiyar mota da jami'an duba motoci ke bayarwa shaida ce ta ran da aka duba, ba ta ɗauke wa mai mota wannan aiki.

IN BIRKI YA ƘI ANA CIKIN TAFIYA

Direba ya ɗauke ƙafa daga totur, ya taka birki da sauri sau da yawa, gama rabin da ya rage zai iya kamawa can ƙasa. Ya riƙa rage giya ɗaya bayan ɗaya. Ya ja birkin hannu a hankali yana riƙe da maɓallinsa, kada ya fizge shi, don kada bayan motar ya juya. Kada ya kashe inji sai ta tsaya. Ya yi ta oda, ya kunna fitilun haɗari, ya nemi tudu ko yashi ko ciyayi a gefen da ba mutane. In ta tsaya, ta tsaya ke nan, sai a jawo ta ko a kawo makaniki. Ya kamata kowane direba ya san waɗannan tun yana zaune lafiya, gama ran da abin ya auku ba lokacin tunani.

KAMMALAWA

Talakawa suna duban abin da shugabansu ya ke yi. In aka san motar hakimi ba ta fita sai an duba birkinta, dagatai da masu unguwa da attajiran gari za su yi koyi. Ana roƙon hakimai su sa a karanta wannan jawabi a gaban direbobinsu, su kuma tattauna shi da shugabannin tasha da makanikan ƙasarsu, musamman gab da damina da lokacin bukukuwa. Malamai kuwa su buɗe littafin mota tun wannan mako, su soma da tambaya guda: yaushe aka sake man birki? In ba wanda ya tuna, lokacin sakewa ya yi. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye hanya, amin.